Keken Baba Kilta

A Samaru in ka tambayi Akinola, babu wanda zai gane wanda kake nema. Amma ka ce Baba Kilta, har mai tallan gyaɗa za ta nuna maka gindin darbejiyar da ke bayan kasuwa, inda ya shafe shekara arba'in da wani abu yana gyaran keke. Bayarabe ne, amma na Sabon Garin Zariya. A nan aka yanke masa cibiya, a wani gidan haya kusa da layin dogo, lokacin da ubansa ke aikin reluwe. Ogbomosho da ake cewa garinsu ne, zuwansa bai taka kara ya karya ba, kuma duk zuwan da ya yi sai ya dawo yana ƙorafin ba su iya dama koko ba. Hausarsa kuwa, in yana magana ta bayan katanga sai ka rantse Bazazzagi ne ɗan cikin ganuwa.

Sunan nan ba na yanka ba ne, tsintarsa ya yi. Yana saurayi, bai daɗe da kafa rumfa ba, a zamanin da malaman jami'a da ɗalibai kowa keke yake hawa, wata Baturiya mai binciken irin auduga ta turo masa kekenta mai kwando a gaba. Da kanta ta kifa shi, ta juya tayar baya. Tayar na tafiya tana layi, ta gogi birki ta wannan gefe, ta sake shi ta wancan. Matar ta nuna da yatsa ta ce, "Out of kilter." Turancin Akinola na firamare bai kai nan ba, shi kuma ba mai kunyar tambaya ba ne. Sai ta miƙa tafin hannu a kwance, ta ɗan karkata shi, ta ce haka suke cewa a garinsu in abu ya kauce daga daidai, bai karye ba, bai kuma zauna yadda ya kamata ba. Ya zauna ya bi wayoyin tayar, wannan ya matse, wancan ya sassauta, har ta riƙa juyawa shiru. Matar ta tafi da kekenta ta bar masa kalmar, shi kuwa ya riƙe ta kamar gado.

Da farko cikakkiya yake faɗinta, yana tauna ta a hankali. Mutanen Samaru ba su da lokacin doguwar magana, suka datse ta suka bar "kilta", suka kuma liƙa masa ita ta zama suna. Shi ko a jikinsa. Ƙofar da ta sauka tana jan ƙasa, kilta ce. Teburin mai shayi da ake cusa wa kwali a ƙarƙashin ƙafa, kilta ne. Miyar da gishiri ya zarce, cikin da ya sha wake fiye da ƙima, daminar da ta makara har manoma suka fara kallon sama, duk kilta. Ɗalibai kan zo da gangan su nuna masa abu don su ji hukuncinsa, su yi ta dariya suna cewa ko malamansu na Turanci ba sa faɗin wannan kalma. Sai ya ce wannan kuma matsalar malamansu ce.

Amma kada ka ɗauka haka kawai yake jefa ta. Kalmar tana da dokoki biyu a bakinsa, in ka taka ɗaya sai ya ajiye sifana ya gyara maka zama. Ta farko, ba a faɗinta sai a kan abin da ke gyaruwa. In ka kawo masa keken da tirela ta bi ta kai, ba zai ce kilta ba, cewa zai yi ka kira 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe su ɗora a sikeli. Ta biyu, ba a faɗinta a kan mutum. Wata rana wani mai kai burodi ya nuna wani mai taɓin hankali da ke wucewa ya ce ga kilta nan, Akinola ya mayar masa da kekensa ba gyara, ya ce ya ƙara gaba. Mutum ba taya ba ne, in ji shi, ba kai ka ƙera shi ba balle ka san daidansa.

Dokar farkon nan ita ta zaunar da shi a Zariya. Duk lokacin da gari ya rikice, aka wayi gari maƙwabta suna loda katifu a manyan motoci suna komawa kudu, sai 'yan'uwa su aiko masa cewa ya taso haka nan. Amsarsa ba ta canzawa, gari kilta ya yi, bai mutu ba. Ya ga gidajen haya sun koma kango, ya ga waɗanda suka yi makaranta tare sun tafi ba su waiwayo ba, abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma da an ɗage dokar hana fita sai ka gan shi bisa kekensa ya nufi Samaru. Matarsa Oyindamola, wadda kowa ke kira Iya Dele, takan ce wannan ba jarumta ba ce, taurin kai ne da aka haife shi da shi. Tana faɗa tana zuba masa abincin rana a kula.

Abincin kuwa na mutum biyu ne. A gefen rumfarsa akwai teburin Ɗanmalam, mai sayar da littattafan addini da carbi da turare, ɗan gidan malamai, siriri, mai baki kamar reza. Tun suna da baƙin gashi suke cin abinci a kwano ɗaya suna tsokanar juna. Ɗanmalam ya ce barkonon Yarbawa ne ya ƙona masa hanji, yana faɗa yana suɗe yatsa. Akinola ya ce turaren Ɗanmalam ne ke kore masa masu gyara. In aka kira salla Akinola ne mai gadin tebur, ran Lahadi kuma Ɗanmalam ne ke karɓar keken da aka kawo ya jingine shi har Litinin. Ba su taɓa zama sun raɗa wa abin da ke tsakaninsu suna ba.

To, ana nan, wata safiya shekarun baya kaɗan, Akinola ya sunkuya zai sa takalmi sai ɗakin ya juya masa. A asibiti ya farka, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Baki ya karkace, hannun hagu ya kwanta a cinya kamar ba nasa ba, ƙafar kuma sai dai a ja ta. Likitoci suka yi nasu, masu gashin ƙashi suka yi nasu. Bakin ya ɗan dawo, ƙafar ta yarda ta taka in ya dafa sanda, amma hannun ya ce shi ya gama aiki. Mutumin da tun tasowarsa bai san ranar da ta wuce bai hau keke ba, ga shi a kan benci a tsakar gidan haya yana kallon kaji. Ba ya kuka, ba ya ƙorafi, amma ya daina tsokanar kowa, kuma wannan ne ya fi tayar wa Iya Dele hankali.

Babban ɗansu Dele yana Ibadan yana sayar da tayil, ya gina gida mai ɗaki a ƙasa wanda ba sai an hau bene ba. Ya zo ya ga uwarsa, mace mai ciwon baya, tana tallabar ƙaton namiji zuwa banɗaki. Ya ga kwatar da ake tsallakewa a ƙofar gida. Gaskiya Dele ba mugun ɗa ba ne, duk wanda ya ga abin da ya gani zai faɗi abin da ya faɗa. Ya zube gaban uban kamar yadda aka koya masa, ya ce su koma wurinsa da zama, ga jikoki, ga asibiti kusa, ga masu taimakon Iya. Uban ya ci gaba da kallon kaji. Sai Dele ya so ya sassauta maganar da wasa, ya ɗauko kalmar uban.

"Baba, ku yi haƙuri. Jikin nan naku ya zama out of kilter. Ku bari mu kula da ku."

Iya Dele ta ajiye ludayin da ke hannunta, don ta san an taka doka. Akinola ya juyo a hankali ya dubi ɗansa. Ransa ya ɓaci matuƙa, kuma abin da ya ƙara ɓata shi, yaron ba ƙarya ya yi ba.

"Tun kana yawo ba wando na hana ka faɗin wannan a kan mutum," in ji shi, harshen yana ɗan nauyi. "Amma tunda ka faɗa, na karɓa. Abin da ya yi kilta, a inda yake ake ɗaure shi. Wanda ake lodawa a mota a tafi da shi, kayan gwangwan ne. Wanne ka ce ni ne?"

Dele bai janye ba, don shi ma ɗan ubansa ne. Washegari ya kira 'yan gwangwan na gaske su kwashe tulin tsofaffin kekuna da rim da sarƙoƙi da ke lungun tsakar gida, wai uwarsa tana tuntuɓe da su. Kafin su ɗora ƙarfe ɗaya a kura, Akinola ya ja ƙafarsa ya je ya zauna a kan tulin, ya ɗora sanda a cinya, ya ce su haɗa da shi su auna. Mutanen suka dubi juna, suka ba da haƙuri, suka tura kurarsu ba komai. Dele ya ce shi ke nan, zai koma bakin kasuwancinsa, amma da damina ta ɗauke zai dawo da mota, kuma ranar babu gardama. Iya Dele ta goyi bayan ɗanta a fili. Ta ce ta gaji, bayanta ya gaji, kuma ba za ta zauna tana kallon mijinta yana ruɓewa a kan benci don kawai a ce ɗan Sabon Gari ne ba.

Cikin kwanakin nan Ɗanmalam ya hawo bas ya zo dubiya. Bai cika shi da sannu ba. Ya zauna a gefen benci ya ce masu POS sun sa wa gindin darbejiya ido, suna son kafa kwantena a wurin, shi ya sa kullum da safe yake share wurin ya kifa tsohon keke a tsakiya don a san da mai shi. Ya ce ba don Akinola yake yi ba, don inuwar yake yi. Ya ce abincin da yake saya yanzu lami ne, ko jariri ba zai yi tari ba. Labarin Ibadan ya riga ya kai kunnensa, amma bai ce masa zauna ba, bai ce masa tafi ba. Sai da ya miƙe ya kaɗe riga sannan ya yi magana yana kallon ƙofa.

"In tafiyar za ka yi, ka aiko a faɗa mini in daina sharar. Ni ma ƙuguna ba na yaro ba ne."

Wannan maganar ta fi ta Dele shigar Akinola. Da Iya Dele ta tafi kasuwa, ya jawo kekensa na kullum, ya jingina da bango ya hau. Ko taku ɗaya bai yi ba ya zube ta hagu. Ya tashi da ƙyar ya sake hawa, ya sake zubewa ta hagu, a daidai inda ya faɗi da farko. Wani maƙwabci ya ce me zai hana a samo masa keken guragu. Akinola ya tambaye shi da wane hannun zai murza ɗaya gefen. Ya koma kan benci, gwiwa a kurje, yana kallon keken. Keke lafiyarsa lau, shi da kansa ya ɗaure shi, babu inda ya kauce ko da gashi ɗaya. Matsalar ke nan. An yi shi ne don mutum miƙaƙƙe, shi kuwa masu gashi sun riga sun gaya masa iyakar miƙewar da zai yi ke nan. Tunda mahayi ba zai miƙe ba, to keken ne zai karkace ya same shi.

Faɗin wannan ya fi yinsa sauƙi ga mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana miƙar da abubuwa. Ya tono tsohon keke daga tulin da ya hana a kwashe, ya kira Chukwuka mai walda da ke bakin layinsu. Ya sa shi ya yanko ƙafar tsohon gadon ƙarfe, ya liƙa ta a gefen hagu kaɗai, a ƙarshenta aka ɗaura ƙaramar tayar keken yara don ta tare shi a inda yake faɗuwa. Da aka gwada, ƙaramar tayar ta riƙa jan keken zuwa kwata, sai ya ce a lanƙwasa kan keken yadda hannun dama shi kaɗai zai riƙe shi ya tafi sak. Ya haɗa wayoyin birkin gaba da na baya a hannu ɗaya. Ya ɗaga sirdi ta gefe guda da tsumma da robar tib. A fedar hagu ya yi maɗauri, don ƙafar da ba ta jin magana ta bi 'yar'uwarta dole. Chukwuka ya yi ta mita, ya ce a rayuwarsa bai taɓa walda abu a karkace da gangan ba, kuma don Allah kada a gaya wa kowa aikinsa ne. Shi kansa Akinola, ranar da aka ɗora kan keke a wuta aka murɗe shi, kunya ta kama shi kamar wanda aka kama da sata. Noti kuwa da haƙori da gwiwa yake riƙewa ya ɗaure da hannu ɗaya, wani ya ɗauru, wani ya gudu ƙarƙashin benci.

Kai, ba a taɓa ganin mummunan keke irin wannan a Sabon Gari ba. In ka hango shi a jingine sai ka ce mota ce ta buge shi aka jawo shi gefe. Matan gidan haya suka yi dariya har da riƙe ciki, masu shaguna suka fito bakin ƙofa suna kallo. Shi kuwa ya riƙa fita cikin layi yana gwadawa tsakanin ruwa da ruwa, yau ya kai kwana ya dawo, gobe ya faɗa taɓo, ya dawo ya kwance wani abu ya sake ɗaurewa. Iya Dele tana wanke kayan taɓon tana faɗa, tana cewa da girmansa da furfurarsa ya zama abin kallo. Ta kira Dele a waya ta ce ya yi sauri kafin ubansa ya karya ɗaya ɓarin. Amma ta lura da wani abu da ba ta gaya wa Dele ba, mutumin ya koma tsokanar masu wucewa.

Damina ta ɗauke, Dele ya cika alkawari. Da safe aka loda mota, tukwane da ƙullin zannuwa da turmin sakwara, akwatin kayan aikin Akinola kuma Iya Dele ta sa aka tura shi can ƙasan but ɗin motar, ko ganinsa zai sa ya shiga ba rigima. Ta dafa abincin hanya ta zuba a kula. Akinola ya karya kumallo tsaf, ya sa shuɗiyar rigarsa ta aiki mai tabon giris, ya cusa sifana a aljihu, ya turo kekensa ƙofar gida. Ya zauna a sirdi ya ɗaure ƙafar hagu a feda, ya ce shi ya tafi aiki, su sauka lafiya. Dele ya tsaya a gaban keken ya riƙe kansa da hannu biyu. Uban bai ɗaga murya ba, ya ce masa ya matsa. Iya Dele ce ta raba, ta ce da ɗanta ya sake shi, ai ko PZ da ke nan kusa ba zai kai ba, in ya gaji sa ɗauke shi a hanya su wuce.

Ya kai PZ ya wuce. Duk wanda ya bi hanyar Samaru a safiyar nan ya ga abin da zai ba da labari, tsoho a kan karkataccen keke yana tafiya kamar mai ɗingishi, a bayansa mota maƙare da tukwane tana rarrafe, a bayanta kuma jerin masu danna ham suna zagi. Gumi ya jiƙa rigar. Ƙafar dama ce ke yin aikin ƙafa biyu, cinyar tana zafi kamar an zuba mata garwashi. Tsoro yake ji, kada wani ya ce maka ba ya ji, duk tirelar da ta wuce sai iskarta ta girgiza shi har cikin ciki. Amma iskar hanya tana dukan fuskarsa, abin da ya manta daɗinsa, kuma keken yana tafiya sak.

A Kwangila aka samu matsala. Wata bas ta matse shi zuwa gefe inda kwalta ta cinye, ƙaramar tayar ta faɗa rami, ƙarfen gadon ya lanƙwashe, keke ya kife da shi. Da yake ƙafar a ɗaure take, bai samu damar dira ba, goshi da gwiwar hannu suka sha ƙasa. Kafin Dele ya sami wurin tsayawa, mutane sun riga shi. Wani ɗan acaba ya yar da babur ɗinsa yana cewa Baba Kilta ne, a tare motoci. Mai rake ya sa wuƙa ya yanke maɗaurin fedar. Wata mai awara ta fasa ruwan leda tana wanke masa goshi tana cewa sannu Baba Kilta, yaushe rabon duniya da kai. Ɗan acaban yana riƙe da kafaɗarsa yana gaya wa jama'a cewa a keken hayar tsohon nan ya koyi hawa, kuma har yau yana tuna ranƙwashin da ya sha da ya dawo da shi a kilta.

Dele ya ratsa mutane, idonsa ya kaɗa, ya sa hannu zai ɗauki uban zuwa mota.

"Ba ni za ka ɗaga ba," in ji Akinola. "Ɗaga keken."

"Baba, wata rana a waya zan ji kun faɗi a hanyar nan, ina can ba abin da zan iya yi."

"Zan faɗi, ba sau ɗaya ba. Amma ka ji abin da suka kira ni? A can in na faɗi, cewa za a yi wani tsoho ya faɗi."

Dele ya tsaya, jini yana bin girar ubansa, mai awara tana gogewa da gefen zani. Ya waiwayi mota, uwarsa na zaune a gaba ta haɗa tagumi. Sai ya sunkuya ya ɗaga keken. Ƙarfen gadon ya shige ciki, notin da ke riƙe da shi ya saki, aiki ne na hannu biyu. Akinola ya zaro sifana ya miƙa masa. Dele, wanda tun yana ƙarami ya tsani warin giris ya gudu daga rumfa, ya durƙusa a ƙasa da farar shaddarsa, ya taka ƙarfen yana ja. Da ya kusa miƙar da shi sarai, uban ya buga masa sanda a hannu ya ce ya tsaya haka, kada ya miƙar da shi duka, a karkacen nan yake daidai da mai shi. Aka samo igiya a wurin mai rake aka sake ɗaure ƙafar.

Sauran hanyar ba sauri a cikinta. Ya huta a Palladan, ya sake hutawa a Zango, duk inda ya tsaya motar ta tsaya a bayansa, ba wanda ya fito. An idar da sallar azahar ke nan ya karya kwanar bayan kasuwar Samaru. Gindin darbejiya a share yake fes, ga tsohon keke a kife a tsakiya. Ɗanmalam yana naɗe tabarmar salla ya ɗago ya gan shi. Ya daɗe yana kallo, ya zagaya keken ta hagu, ya zagaya ta dama, ya ce a duk shekarunsa bai taɓa ganin abu mai muni haka ba, sannan ya tambaya ko wannan kilta ne ko na 'yan gwangwan.

"Shi a karkace, ni a karkace," in ji Akinola yana haki. "Ga mu nan mun iso."

Iya Dele ta fito daga mota da kular abincin hanya, ta dire ta a tsakaninsu ba tare da ta kalli mijinta ba. Ta ce ita dai da Kirsimeti za ta je ganin jikokinta, wanda ya ga zai iya sai ya bi ta a kan wannan abin. Dele ya buɗe but. Ya sauke tukwane, ya sauke turmi, ya sauke ƙullin zannuwa a bakin hanya mutane suna kallo, har ya kai ga akwatin kayan aiki. Ya rungumo shi ya kawo gindin bishiya ya ajiye a inda ya saba ganinsa tun yana yaro. Ya zube gaban ubansa ya daɗe bai ɗago ba, uban ya ɗora hannun dama a kansa. Sannan ya tashi ya mayar da tukwanen, ya tambayi uwarsa ina za su, ta ce Sabon Gari mana, ina kuma.

Da motar ta ɓace, Ɗanmalam ya buɗe kula, ya kai loma, ya yi tari, ya ce matar nan so take ta kashe shi. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce barkono ne. Ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya jawo tsintsiya, ya jingina ta a jikin karkataccen keken.

"Daga gobe kai za ka share wurinka," in ji shi. "Hannu ɗaya ya ishi tsintsiya."